Inda Injin Kati Yake Kama Rezo

Shekarar da sojoji suka karɓi mulki mahaifinmu ya rasu, kuma kafin su mayar wa farar hula mun riga mun ja katanga a tsakiyar shagonsa da ke bakin kasuwar Filinge. Yayana ya ɗauki gefen titi, da ƙofar da tagar. Ni aka bar ni da baya, sai da na fasa wata ƙofa ta lungun da ake ɗaure jakai ran Lahadi. Har gobe ina cewa rabon nan bai yi daidai ba. Tun daga lokacin gaisuwa ta yanke tsakaninmu, ko a masallaci sai na duba sahun da yake kafin in tsaya. Kuma kaya iri ɗaya muke sayarwa, bokitai da butoci da tabarmin roba da sabulu, don sana'ar da tsoho ya koya mana ke nan.

Mai saye ɗaya ne ya riƙe gefena na shagon. Da ƴan gudun hijirar Mali suka sauka Abala, wani Bazabarme mai yi wa wata ƙungiyar agaji sayayya ya fara tsayawa wurina, saboda a lungun motarsu take samun inuwa. In ya zo sau ɗaya, na huta da tunanin cefanen wata. Wata rana ya ce mini shugabanninsu sun hana su yawo da kuɗi a hanya, katin banki aka ba su. In ba ni da injin da ake sa kati, dole ya riƙa yin lodi tun daga Yamai. Na ce ya ba ni ɗan lokaci, alhali ko a mafarki ban taɓa ganin injin ba.

Na sha hanyar Yamai har direbobin tasha suka fara tsokanata, wai ko kujerar minista nake nema. A bankin, yau mai sa hannu ya tafi ta'aziyya, gobe hotona ya yi duhu, jibi wai shagona ba shi da adireshi. Na ce wa matar da ke kula da zancen, ai kowa a Filinge ya san shagon mahaifina. Ta ce ita ba ta san shi ba. Na haɗiye abin da ya zo mini baki, don ita ke riƙe da abin da nake nema. Da aka gaji da wahalar da ni aka miƙo mini injin, ɗan abu kamar rediyon aljihu. A ofishinsu mai sanyi aka gwada shi, nan take ya fito da tike, ƴar takardar shaidar biya. Aka ce akwai haya duk wata, na ce na ji.

Da na iso gida sai ya ƙi kama rezo, wato layin sadarwa. Na ɗora shi a kan teburi, na kai shi bakin ƙofa, na taka ganga na ɗaga shi sama, shiru. Na hau rufin kwano da rana tsaka, masu jakai suna kallona suna dariya. Na buga wa matar banki waya raina a ɓace, sai ta ce mini cikin sanyin murya in matsa kusa da taga. Na kashe wayar ban yi mata sallama ba. Ina zan samu taga?

Ranar da mutumin ya dawo, sai da aka gama loda kaya sannan ya zaro katin. Injin ya yi ta nema, ya ƙi. Muka sake, ya ƙi. Direba yana ta duba rana, don ba sa son yamma ta yi musu a hanyar Abala. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya ce in abin bai yi ba sai dai a sauke kayan. Tsoro ya kama ni ƙwarai, don na san in aka sauke su ba zan ƙara ganinsa ba. Na ɗauki injin na fita ina tafe ina kallon fuskar injin, na fita lungu, na zagaya titi. Ban ankara ba sai ga ni a gaban tagar Yaya, alamar rezo tana ɗagowa tana faɗuwa.

Yana zaune a ciki yana dafa shayi. Na yi tsaye har gumi ya jiƙa mini riga, sannan na ce, "Salamu alaikum, Yaya."

Ya amsa sallamar cikakkiya bai ɗago ba. Can ya ce, "Kawo shi nan. Aza shi inda Baba ka aje rediyonai."

Wani ɗan katako ne a kusurwar tagar, na manta ma da shi. Ina ɗora injin ya kama. Mutumin ya shigo ya danna lambobinsa, tike ya fito. Maimakon in ji daɗi sai haushi ya turnuƙe ni, don na gane Yaya ya gan ni a kan rufi, ya kuma san wurin, ya yi shiru yana jiran in zo da ƙafata.

Ga kuma abin da nake gudu: mutumin ya juya ya ga bokitan Yaya jere, ya tambayi kuɗinsu. Yaya ya faɗi wani kuɗi da ko mahaukaci ba zai saya ba. Mutumin ya yi dariya ya fita. Ni na san nawa yake sayar da su, kuma shi ma ya san na sani.

Na miƙa hannu zan ɗauki injina, ya ce, "Bar shi nan. Can wurinka mi zai yi?"

Bayan wannan zuwa kaɗan mutumin ya ƙara yi, sai ya daina biyowa. Hanya ta lalace da tsoro, ƙungiyar ta koma yin lodi daga Yamai tare da rakiyar sojoji, abin da na sha duk wahalar nan don kada ya faru. Manoman da ke shigowa kasuwa daga Tondikandiya da Bonkuku ba mai kati a cikinsu. Banki kuwa bai taɓa manta hayarsa ba. Maiɗakina ta gaji da cewa in mayar musu da kayansu, kullum ina ce mata sai na shiga Yamai.

Katangar tana nan, kuma na faɗa wa Yaya ido da ido cewa rabon bai yi daidai ba, ya ce in sha shayina kada ya huce. Kowace safiya nakan zagaya ta titi in ce na zo duba ko injin yana da caji. Ba abin da yake yi sai cin haya, na sani. Amma in na mayar da shi, ban san me zan ce na zo yi ba.