Tabarau Ɗaya a Siton Gajere

Tela yana tsugune, allurai a baki, yana auna ƙafar wandon wani mutum, sai maƙwabcinsa mai aski ya leƙo shagon da almakashi a hannu.

"Ka ji abin da ya sami Gajere?"

"Me ya ƙona kuma?"

"Ya faɗo daga tsani, a sabon ginin nan na bayan tasha. An ce ko asibiti bai kai ba."

Tela ya zare alluran daga bakinsa, ya soke su a hannun rigarsa. Bai yi kuka a lokacin ba. Fushi ne ya taso masa, kuma har yau bai sauka ba.

Gajere mai gyaran wuta ne. Layi ɗaya suka tashi da tela, benci ɗaya suka zauna a makaranta, tare kuma suka bar ta ba su gama ba. Allah ya yi shi ɗan dunƙule, kansa bai wuce kafaɗar tela ba, shi ya sa yakan ce tsani ne ke cika masa abin da aka rage masa. Rabin rayuwarsa a sama ya yi ta, waya a haƙori, filaya a aljihun baya, yana ja wa mutane wuta a gidajen da shi ba zai taɓa kwana a ciki ba. Yana da mata da 'ya'ya mata biyu, da wani ɗan sito a bayan gidan da suke haya.

Siton nan shi ne duniyarsa. Wani ya taɓa kawo masa mataccen majigi gyara, ya buɗe cikinsa ya tarar da wasu ƙwayoyi da ba su kai maɓallin riga ba, masu fitar da shuɗin hasken leza. Tun daga ranar ya kamu. Duk inda majigi ya mutu sai ya ji labari. Yakan ciro ƙwayar a hankali kamar mai cire ƙaya, ya yi mata gida na tagulla don kada zafi ya kashe ta, ya yi ta juya gilashin gabanta har hasken ya tsuke ya koma kamar zare. Zaren nan yana huda kwali, yana rubutu a jikin katako. Da shi ya ƙona sunayen 'ya'yansa a kan allon gadonsu, da shi ya yi wa tela allon ƙofar shago, har da hoton almakashi wanda ya fi kama da kaza. Tela ne ya ɗinka masa baƙaƙen labulen siton, ninki biyu, don kada hasken ya fita waje.

Mutane suna cewa wasan yara yake yi da furfura a gemu. Su faɗa. Mutumin nan bai taɓa haska abin nan a titi ba, bai taɓa ɗaga shi sama ba, kowane ɗaya da ya haɗa yana da makullinsa, makullan kuma a wuyansa suke kwana. Yana da tabarau na musamman mai jan gilashi wanda ke tare hasken, guda ɗaya tak, don ya sha wahala kafin ya same shi. Nan ne wautarsa take, wautar mutumin kirki: duk wanda ya shigo kallo, shi yake ba wa tabaraun. Shi kuwa sai ya saita abin, ya juya fuskarsa bango, ya kunna da lalube.

"Ka nemo na biyu mana," in ji tela.

"Baƙo ne ba ya sanin inda zai sa idonsa. Ni na san inda nawa yake."

Rannan wan matarsa ya zo, wanda kowa a gidan ke kira Yaya. Mutum ne mai son a gan shi, ga ƙaton agogon ƙarfe a hannu mai walƙiya kamar madubi. Ya ce sai an nuna masa abin da ke hana mijin ƙanwarsa zama cikin mutane. Gajere ya ba shi tabarau, ya roƙe shi kada ya miƙa hannu, ya juya bango ya kunna. Yaya ya ga katako yana hayaƙi, daɗi ya kama shi, ya zaro waya zai ɗauka.

"Kai, juyo ka shiga hoton."

Wan matarka ya kira ka, ka ci gaba da ba shi ƙeya? Gajere ya juyo, daidai lokacin da Yaya ya miƙa hannu. Hasken ya daki agogon ya dawo.

Gajere ko ƙara bai yi ba. Ya dafe idon dama, ya kashe abin, ya ce, "Ba komai, Yaya," ya raka shi har bakin mota. Daga nan ya wuce shagon tela ya tsaya a ƙofa, ya rufe idon hagu da tafin hannu.

"Mai allura, ina ganin kunnuwanka, amma ba ka da fuska."

Tela ne ya kai shi asibiti. Likita ta duba ta ce tsakiyar idon dama ya ƙone, ba a ɗinke irin wannan. Ta tambayi sana'arsa, da ta ji, sai ta ajiye biro ta ce ya rabu da hawa sama, don mai ido ɗaya ba ya gane nisan abu da kyau. A hanyar dawowa Gajere ya sa tela ya yi masa alkawarin rufe baki. Daga waje idon garau yake, ba mai ganewa. In ɗan kwangila ya ji, ba zai ƙara kiransa ba. In matarsa ta ji, sai ta tambayi yadda aka yi, ita kuwa Yaya ne ya riƙe ta bayan rasuwar ubansu.

"So kake in raba ta da ɗan'uwanta a kan ido ɗaya? Ai da saura."

Haka ya koma kan tsani. Yana miƙa hannu ga filaya ya damƙi iska, ya yi dariya ya ce filayar ce ta matsa. Yaya kuwa, da ya ga mutum ya dafe ido a gabansa, bai taɓa buɗe baki ya ce yaya idon nan ba. Ko sau ɗaya.

Shi ne a wajen ta'aziyya ya zauna a kujerar gaba, agogon nan a hannunsa, yana karɓar gaisuwa yana girgiza kai.

"Na sha gaya masa. Wannan shirmen hasken ne ya ɗauke masa hankali. Mutum yana kan tsani, zuciyarsa tana sito."

Tela ya ɗago kai. Ya dubi ƙofar ɗakin da matar Gajere take, ya jiyo muryar ƙaramar 'yar tana tambayar wani abu. Ya tashi ya je ya durƙusa kusa da Yaya kamar mai gaisuwa, ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, ƙarfe nawa agogon nan naka ya ce?"

Yaya ya dube shi, ya dubi agogon, ya ja hannun riga ya rufe shi. Tela bai huce ba. Yana fushi da Yaya, yana fushi da masu cewa wasan yara, amma wanda ya fi jin haushi yana kwance inda faɗa ba ya kaiwa. Wane irin mutum ne zai tsare idon kowa ya bar nasa? Gajere, Gajere. Allah ya jiƙanka, amma ka ƙona wa abokinka rai.

Ana jibi zai faɗo, Gajere ya biyo shagon da hantsi da tsani a kafaɗa. Tela ya dafa shayi ya miƙa masa butar, ya riƙe kofi. Gajere ya saita, ya tsiyaya, ruwan ya sauka a kan ƙafar tela.

"Ka gani ko? Mutumin da bai iya samun bakin kofi ba shi ne zai taka tsani hawa uku."

"Hannunka ne ke rawa, tsoho. Tsani ba ya rawa."

"Wallahi yau zan je in gaya wa matarka. Alkawarin ya ci kansa."

"Za ka je, ka gaishe ta, ka sha ruwa, ka dawo. Na san ka."

"Ga benci nan, ga teburi. Ka zauna a ƙasa ka gyara rediyo da dutsen guga kamar mutane. Wa ya ce sai a sama ake cin abinci?"

Gajere ya kurɓi abin da ya samu shiga kofin, ya dubi bencin, ya daɗe yana dubansa.

"In na gama ginin nan zan zo. Amma kusa da taga za ka ba ni, ba bayan ƙofa inda kake tara tsummoki ba."

"Ka zo yau, in ba ka har kujerata."

Gajere ya saɓa tsaninsa, ƙarshensa ya bugi saman ƙofa, ya ja baya ya sake gwadawa.

"Ajiye kujerarka, ƙafata ba ta kai ƙasa a kanta. Ka dai share mini wajen tagar."