Ga Mai Roƙon Hannun Ƙarfe

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a shafin nan ba, maganar da zan yi kuwa ta fi shekara ashirin tana cina. Yau raina ya ɓaci, sai ta fito.

Wani ne ya ɗora tsohon fim ɗin nan na Turawa mai kashi-kashi, na ɗan sandan da aka harbe aka haɗa jikinsa da ƙarfe. Na bi ra'ayoyin masu kallo. Wannan ya ce jarumi ne, wancan ya ce tsohon yayi. Sai wani ya rubuta: "Wallahi da za a cire min hannu a sa min irin nasa, da na gode." Aka bi shi da dariya.

Da hannun hagu nake rubuta muku wannan. Na daman yana maƙabartar garinmu, Birnin Tsaba.

Lokacin ina koyar da Larabci a wata firamare a Kaura Namoda, ba a jima da fara shari'a a Zamfara ba. Da damina na hau babur ɗin kabu-kabu daga Kasuwar Daji, taya ta zame a taɓo. Na dafa ƙasa, na ji ƙas.

Karaya ce kawai. Aka kai ni wajen maɗori, ya ja, ya jera karare, ya ɗaure tamau. Washegari yatsu suka kumbura suka yi sanyi. Na ce masa ba na jin su. Ya ce, "Malam, ɗori in bai yi zahi ba, bai kama ba. Hanƙuri za ka yi."

Duk wanda ya zo dubiya haƙurin nan yake ba ni, har hannun ya yi baƙi ya fara wari.

Yayana Sani ne ya yi ta maza ya ɗauke ni sai asibiti a Gusau. Aka ɗauki hoto, aka ɗebi jini, aka sa ƙarin ruwa. Likita ya kwance ɗaurin, ya duba hannun. Sannan ya ce, "Ko hannun, ko ran. Ku zaɓa yau." Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Bijimin noman Yaya ne ya tafi a kuɗin tiyata da magani.

Mahaifinmu malami ne. Ya ce, "Abin da anka yanke jikin Musulmi na, ba a yasda shi bola." Yaya ya naɗe shi a farin ƙyalle ya kai gida aka binne.

A ɗakin jinya na fara ganin fim ɗin. Wani mai jinya ya kawo talabijin da bidiyo, kullum da yamma a sa kaset, gardama ta kaure. Wani dattijo ɗan Shinkafi mai karayar ƙugu ya ce, "Wanga mutum na ko inji? In ya mutu a yi mai salla, ko a kai shi ga maƙeri?" Wani ya ce alwalarsa fa, da ruwa ko da baƙin mai? Ɗaki ya ɗauki dariya. Ni kuwa ina kwance da dungu, ban san yadda zan yi tawa alwalar ba, sai da Baba ya ce in wanke abin da ya rage.

Abin da ya fi ƙona min rai, mutumin fim ɗin yana farkawa ya miƙe ya kama aiki. Ba mugunya, ba wankin ciwo da safe wanda sai an danne ka, ba ƙaiƙayin yatsun da babu su.

Na ɗauka in an sallame ni jinya ta ƙare. Ashe lokacin ta fara.

Ku tuna zamanin. Bazamfare, ba hannun dama. Wa zai tsaya tambaya? A tasha mace ta janye jakarta. A kasuwar Zurmi mai tireda ya dafe aljihu yana min murmushi. Wani uba ya je wajen hedimasta yana tambayar wace kotu ce ta yi min hukunci, don ba ɓarawon da zai koya wa ɗansa Larabci. Sunan gidanmu da aikina duk suna neman bin hannun.

Shi ya sa na sayi hannun roba. Ba ya riƙe ko alli, ga zafi, ga gyambo. Gari ya sa min suna ɗan sandan ƙarfe. Na amsa, don ya fi ɓarawo daɗin ji.

Amma alwala ba ta san roba ba, dole in cire. Wata Juma'a ina wanke dungun a bakin masallaci, wani mai furfura ya dafa kafaɗata cikin tausayi ya ce, "Allah shi karɓi tubarka, ɗana."

Na ce, "Amin, Baba. Amma ga babur nif faɗi." Na faɗa da ƙarfi yadda kowa zai ji. Tun ranar na rataye robar, na daina ɓoye laifin da ban yi ba. Na koyi rubutu da hagu, na ci gaba da aikina.

Alhamdu lillahi, ina raye. Na gode wa Yaya Sani, da likitan da bai ɓoye min gaskiya ba, da hedimastan da ya ce wa uban nan ya je Gusau ya tambayi likita.

Shawarata: in an yi ɗori yatsu suka yi sanyi ko baƙi, a kwance a tafi asibiti a ranar, kada a saurari mai ba da haƙuri. In kun ga mai dungu, ku tambaya ko ku yi shiru.

Kai kuma mai roƙon hannun ƙarfe, Allah kada ya amsa maka. Nawa na roba yana nan a ƙusa, in kana so zo ka ɗauka. Sai dai ka fara kai naka Birnin Tsaba, akwai wuri kusa da nawa.