Gindin ɗorawar Baba

Jiya ina haɗa bidiyon gonarmu ta Gozaki a kwamfuta: wanda jirgi maras matuƙi ya ɗauko bana, da tsohon da na ɗauka da waya kafin Baba ya rasu. Manhajar da nake aiki da ita tana gane komai da kanta, ta rubuta masara, ta rubuta rijiya.

Da ta zo gindin ɗorawa, a tsohon ta zagaye Baba da layi, ta rubuta "mutum". A sabon kuwa, "babu kowa".

Inna tana gefena. Ta ce, "Me ta rubuta?"

Na faɗa mata.

Sai ta ce, "Mayar da ni wancan, inda yake zaune."

Ku fa, wa kuke komawa nema a tsohon bidiyo?