Tattabarun Mai Nasara da Hanyar Jirgi

Mai Nasara ɗan dukawa ne. A Birni aka haife shi, cikin tsohon garin Damagaram, a gidan da tun kakanni ba a san wata sana'a ba sai ta fata. Ya buɗi ido ya ga ubansa a zaure da basilla a hannu, shi ma ya zauna gefensa ya koyi ɗinkin alabe da kube da timtim. Da ido bai ci amanarsa ba, da har yau yana nan kan agalemi. To amma yana haura arba'in sai zare ya fara zame masa biyu. Ya je likita aka ba shi tabarau, abin bai yi wani sauƙi ba. Ranar da ya ɗinke bakin jakar wani alhaji ruf, babu ta inda za a sa hannu, ranar ya san aikin ya ƙare.

Gidan gado kuma ya yi wa 'yan'uwa kaɗan. Sai ya karɓi rabonsa ya sayi fili can bakin gari, wajen filin jirgi, ya yi ɗakuna biyu ya tare da matarsa Rakiya. A lokacin babu kowa a wurin sai gonakin gero da 'yan gidaje jefi-jefi. Jirgi kuwa akan daɗe ba a ji ƙararsa ba, in ya zo har yara su fito kallo.

Kiwon tattabaru da wasa ya fara. Wani maƙwabci ne zai tashi ya bar masa mace da namiji, shi kuma ya rataya musu fasasshiyar tukunya a jikin katanga. Tukunya ta zama biyu, ta zama goma, har ya kwaɓa ƙasa ya gina musu dogon ɗaki mai ramuka a kusurwar gida. Abin ya karɓe shi. Masu jego da masu jinya suna aiko a saya musu 'yan shila, masu lambu daga Gidimuni suna zuwa kwasar kashin a buhu don taki. Ciyarwa ba ta dame shi ba, domin da safe tsuntsayen suna tashi su bazu cikin gonaki su yi kiwonsu, da la'asar ya fito da tsaba a ƙwarya ya girgiza, sai ka ga sama ta yi duhu suna saukowa. Idon da ya kasa ganin zare yana rarrabe su ɗaya-ɗaya tun suna sama. Da wannan ya aurar da 'ya'yansa, da shi ya rufa wa kansa asiri.

Ana nan aka gyara filin jirgi, aka ja sabon shinge, jirage suka ƙara yawa. Wata safiya yana shara a gindin ɗakin tattabaru sai ya ji sallama. Mai unguwa ne tare da wani saurayi sanye da riga mai ƙyalli irin ta ma'aikatan filin. Mai unguwa ya ce wannan Mushe Mansur ne, aikinsa hana tsuntsaye da dabbobi shiga hanyar jirgi.

Bayan gaisuwa Mansur ya ce, "Baba, magana ce a kan tattabarunka. Matuƙa jirgi sun kai ƙara. Sun ce in za su sauka suna haɗuwa da garken tsuntsaye, mun bi diddigi mun ga daga nan suke tashi."

"To sai me? Sun tare musu hanya ne?"

"Tsuntsu ɗaya in ya shiga injin jirgi yana iya kashe shi. Shi ya sa dokar ƙasa ta hana ajiye duk abin da ke tara tsuntsaye kusa da inda jirgi ke sauka da tashi. Gidanka kuwa daidai saitin hanyar yake."

Mai Nasara ya jingine tsintsiya. "Ɗana, da na zo wurin nan kai ko lakwal ba a sa ka ba, balle ka san karatun boko. Gidana bai matsa ba. Kuma ɗaga kai ka duba. Waccan shirwa ce, waɗancan hankaki ne, in damina ta yi balbela har cikin filinku take kiwo. Kun je gidan ubangidansu?"

"Su ba su da mai su, Baba. Su muna korarsu da ƙarar bindiga. Naka kuwa suna da kai."

"Ashe laifina shi ne ina da ƙofar da za a yi sallama."

Mai unguwa ya sa baki, ya ce a yi haƙuri, hukuma ba a ja da ita. Aka ba shi lokaci ya san inda zai kai su.

Rakiya ce ta kawo shawarar a kai su garin Dogo, inda ƙaninta Isma'il yake noma. Mai Nasara ya je ya gina ɗaki a bayan gidan Isma'il, ya dawo ya kama tsuntsayen, ya zuba a kwanduna, ya yi shatar mota. Sai da aka bar su a rufe na ɗan lokaci don su saba, sannan ya koma ya buɗe su da hannunsa. Suka tashi suka yi kewaye a saman garin, yana kallo yana murmushi, sannan suka miƙe arewa. Isma'il ya ce, "Yaya, kiwo suka tafi ko?" Mai Nasara bai gama shan furar da aka kawo masa ba waya ta yi ƙara. Rakiya ce.

"Malam, in ka gama zaman ka taho. Baƙinka sun riga ka isowa."

Ya dawo ya tarar da su jere kan katanga suna gyaran gashi. Washegari sai ga Mansur a kan moto.

"Baba, ai cewa ka yi ka kai su."

"Na kai su. Je ka tambayi direban da ya ci kuɗina."

"To ya aka yi?"

"Su za ka tambaya. Karanta musu dokar, ga su nan, duk suna gida."

Daga nan ya yanke shawarar ya rabu da su gaba ɗaya. Akwai wani Bakano, Alhaji Ado, mai kawo atamfa kasuwa, wanda ya daɗe yana sha'awar irin nasa. Ya saye manyan duka ya tafi da su. Mai Nasara ya kwana biyu ba ya cin abinci sosai, amma ya ce ko ba komai an huta. Ba a rufa wata ba suka fara dawowa, yau uku gobe biyar, a rame, wasu ba gashin wutsiya. Sai ga Alhaji Ado da kansa a ƙofar gida, ko zama bai yi ba.

"Malam, da girmanka! Ashe tsuntsu mai igiya ka sayar mini? Na ji ana yi, a sayar da safe su koma da yamma, ban taɓa zaton kai ma kana ciki ba."

Wannan magana ta fi komai yi masa ciwo. Mutumin da ko awo bai taɓa tauyewa ba, yau ana kiransa macuci a gaban maƙwabta, a kan tsuntsayen da shi kansa neman kai yake da su. Sai da limamin unguwa ya shiga tsakani aka warware cinikin.

Cikin fushi ya ɗauki gatari ya rushe ɗakin tattabarun, ya fasa tukwanen, ya hana Rakiya zuba ko ƙwayar tsaba. A ganinsa in ba wurin kwana ba abinci za su gaji su tafi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Da can safe da yamma kawai suke tashi. Yanzu da ba su da wurin sauka sai suka wuni suna kewaya gidan a sama, su sauka kan rufin maƙwabta, a kore su, su sake tashi. Matan unguwa suka fara ƙorafin kashi a kan shanya. Wannan karon ba Mansur ne ya zo ba, jandarma ne da sammaci.

Aka shiga da shi wani biro, wato ofis, mai sanyi a cikin filin jirgi, karo na farko da ya taɓa taka wurin duk da shekarun da ya yi yana maƙwabtaka da shi. Shugaban sashen dattijo ne mai furfura, bai ɗaga masa murya ba. Ya juyo masa da waya ya nuna masa hoton injin wani jirgi na wata ƙasa, fukafukan ƙarfen ciki sun lanƙwashe kamar an tauna.

"Malam, tsuntsu ne ya yi wannan. Mutum sama da ɗari ne a ciki, Allah ya kiyaye suka sauka lafiya."

Mai Nasara ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Ya tuna maƙwabciyarsu da ta tafi Yamai jinya a jirgi, ya tuna alhazai.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban ƙi ba. Wallahi ba na son ran ko mutum ɗaya a wuyana. Amma na kai su Dogo sun dawo. Na sayar Kano sun dawo, har an ce mini ɓarawo. Na rushe ɗakinsu kun aiko mini jandarma. Dokar taku da ta ce kada a yi, ba ta faɗi yadda za a yi ba?"

Dattijon ya dubi Mansur da ke tsaye a gefe, Mansur ya dubi ƙasa. Sai dattijon ya ce:

"Doka ta ce kada su tashi a nan. Yadda za ka yi kuwa, wannan naka ne."

"To wa zai biya ni ɗakin da na rushe?"

"Ai ba mu muka ce ka rushe ba."

Ya fito yana ta ƙwafa, har ya wuce mai kabu-kabun da ya kawo shi bai gan shi ba. A ƙasa ya taka har gida.

Ya gwada fige musu gashin fiffike, gashin ya sake tsirowa. Ya sayo tsohuwar ragar masunta daga Gidimuni, ya zauna da basillarsa yana laluben ƙulli, ya rufe rabin tsakar gida. Tsuntsun da ya saba da sama bai yarda da raga ba. Suka dinga dukan ta da ƙirji, suka rage ƙwai, ga hatsin da a da gonakin mutane ke ba su kyauta yanzu sai ya auno a kasuwa. Rakiya ta ce, "Malam, mu da su wa ke kiwon wani?"

A ƙarshe abin da yake gudu tun farko shi ya yi. Ya san babba ba ya mance gida, amma ɗan shilan da bai taɓa tashi ba duk inda ya fara buɗe fiffike nan ne garinsu. Ya tsince ƙananan ya kai wa Isma'il Dogo. Manyan kuwa ya wasa wuƙa. Ya ƙi yarda wani ya yanka masa, shi ya yi da hannunsa, yana bisimilla yana kiran wasu da sunayen da ya sa musu. Ranar babu gidan da bai ci farfesun tattabara ba a unguwar, har mai unguwa an kai masa kwano. Rakiya ta sa a kai wa Mansur nasa, ta ce yaron aikinsa yake yi. Mai Nasara bai hana ba, amma shi ko romon bai taɓa ba. Tuwo ya ci da miyar kuka.

Na Dogo sun zauna, sun yi yawa. Yakan je ranar kasuwa ya duba su, ya kwaso 'yan shila ya kawo wa masu saye. Sai dai in ya girgiza ƙwarya ba sa kula shi, sai Isma'il ya yi fito sannan su sauko. Isma'il kuwa ba ya barin abin ya wuce. "Yaya, ka yi musu sallama mana, ba su san baƙo ba."

Da zaman banza ya ishe shi sai Rakiya ta ce su gwada agwagi. Ya ce shi ba zai sake sayen ko ƙwai ba sai ya ji daga bakin hukuma. Ya sa babbar riga ya tafi filin jirgi ya nemi Mansur.

"Agwagwa a wurinku tsuntsu ce?"

Mansur ya sosa ƙeya. "Tana tashi, Baba?"

"In ta ga dama. Takan hau katanga."

"To gaskiya ban sani ba. Bari in tambayi na gaba da ni."

Na gaba da shi ya ce sai an tambayi Yamai. Mai Nasara ya koma sau biyu, kullum ana ce masa amsa tana hanya. Rakiya ta gaji da jira, ta je kasuwa ta sayo zomaye.

Yanzu su yake kiwo, kuma ba ya ɓoye cewa ba ya ƙaunarsu. Ya ce dabba ce marar fara'a, ba ta san mai ita ba, aikinta ci da tona rami. Sun riga sun huda gindin katanga sun shiga gidan maƙwabci sun cinye masa zogale. Jiya da hantsi an gan shi durƙushe yana toshe ramin da duwatsu, yana faɗa shi kaɗai, maƙwabcin kuma yana tsaye a kansa yana jiran a yi maganar zogalen.