Yajin Cin Abincin Malam Sule

Duk wanda ya zauna a garin Silver Spring, can ƙasar waje, ya san Malam Sule da mazarinsa. Mutum mai harhaɗa magunguna, da furfurarsa, zai shiga jirgin ƙasa ya fito da auduga yana kaɗi, Turawa na kallo. Na sha gaya masa, "Malam, a Kano aikin tsofaffin mata ne wannan."

"A Indiya da shi aka kori Bature, Alhaji."

Can ya yi karatu, kuma tun da ya dawo bai warke ba. Ni ma na zauna a Bombay, na zauna a Khartum da Jidda, ban taɓa ganin Ba'indiyen da ya kai shi riƙe tarihin Indiya ba. Kullum zancen ɗaya ne: yadda suka ƙaurace wa yadin Ingila, suka koma saƙa nasu, da yadda jagoransu, tsohon nan mai sanda, ya taka har bakin teku ya ɗebi gishiri don karya dokar Turawa. Wata Asabar sai da ya sa na tuƙa shi awa uku zuwa teku. Muka dafa ruwa, muka dawo da gishirin da bai cika cokali ba, rabinsa yashi. Ya ce ɗanɗanon 'yanci ke nan. Na ce haƙorana ba su ji haka ba.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne bikin 'yarsa Zainab. Matarsa, Hajiya Binta, ta fitar da anko: atamfa 'yar Ingila, daga wani shago a Landover. Malam ya ce muddin atamfar na gidansa ba zai ci abinci ba, ba kuma zai je ɗaurin aure ba. Ga shi da ciwon sukari, biki saura kwana huɗu.

Rana ta biyu Hajiya ta kira ni. Na tarar da shi kwance a kan darduma.

"Malam, shi tsohon da kake kwaikwayo, daula ya yi wa yaji. Kai kuwa Hajiya kake yi wa."

"Daula ai daula ce."

Hajiya ta ce, "Alhaji, ka gaya masa mata arba'in sun riga sun ɗinka."

Zainab na kuka, ta jawo turmin atamfar za ta fitar da shi daga gidan. Sai ta tsaya tana duba takardar da ke manne a gefe. "Baba, an rubuta a Indiya aka yi ta."

Ashe jabu aka sayar wa Hajiya. Malam ya tashi zaune, ya karanta sau biyu, ya ce a kawo tuwo. Yana ci yana cewa, "Kun gani? Yau su ke yi, ana laƙa sunan Ingila."

Daga nan Hajiya ce ta rantse ba za ta ɗaura jabu a bikin 'yarta ba. Kwana biyu na ƙara ina rarrashi. Ranar biki ta ɗaura atamfar, fuska a murtuke, shi kuma yana bin mata yana yaba musu zane.

Bara muka binne shi. Ya gajiyar da ni shekara ashirin, yanzu kuma da babu shi, Asabar ta yi mini tsawo. Allah Ya jiƙan Malam Sule, Ya yafe masa, Ya sa ya huta.