Dutsen da Bitrus Ya Yi wa Feshi

Kafanchan

Ban jira gari ya waye ba na fita da kwandona. Mama ta kwana biyu tana ture abinci, sai ranar Alhamis ta ce in za a yi mata faten acca da ganyen dutse, za ta sha. Wata 'yar ciyawa ce mai ganye uku-uku da ƙananan fararen furanni, ba ta fitowa sai a tsagin duwatsu inda ƙasa ta bushe. Ba a kawo ta kasuwa. Wuri ɗaya na sani, dutsen bayan tsohon gidanmu, gaba da Fadan Kagoma.

A tasha direban motar Kwoi ya rantse yanzun nan za mu tashi. Sai da rana ta fito muka motsa, an cusa mu kamar buhunan masara. A shingen hanya wani soja ya leƙa kwandon.

"Madam, ina zuwa da kwando ba komai?"

"Tsinkar ganye."

"Ganye ya ƙare a Kafanchan?"

Mota ta kwashe da dariya.

Fadan Kagoma

Na sha kunu da ƙosai a tsaye, na hau acaɓa. Da na faɗi inda za ni, ɗan acaɓan ya ce, "Wajen kam duk an gyara, citta za a sa."

Dutse

Wari ne ya fara tarbata. Daga gindin dutsen har samansa komai ya yi ruwan ɗorawa, ya kwanta. Ga ƙanena Bitrus, dattijon ikilisiya guda, da tankin feshi a bayansa.

"Yaya, sannu da zuwa! Yaya jikin Mama?"

"Kana da bakin tambaya? Citta a kan dutse take fitowa, da ka bi kowane tsagi da maganin kashe ciyawa?"

"Ya rage a tanki ne shekaranjiya, na ce kar ya lalace. Ciyawa ce fa, Yaya."

Ciyawa! Babanmu ya gama rayuwarsa yana noma a nan, in fartanyarsa ta kai bakin dutse sai ya ɗaga ta. Shi wannan don kar ragowar magani ta lalace ya ƙone wurin kaf. Na zage shi tas, har yau ban yi nadama ba.

Na bi duwatsun da rarrafe har rana ta karkata, gwiwoyina suka goge. Na sami 'yan tsiraru, sun yanƙwane, suna wari. Ba zan dafa wa uwata guba ba, na watsar.

Gida

Na gode wa Ubangiji da ya dawo da ni lafiya, na gode wa ɗan acaɓan da ya tsaya ya taya ni nema. Godiyata ta tsaya nan.

Da magariba na shiga gida. Na tarar Mama ta tashi zaune, har ta ɗaura kallabi, ta sa Kande mai kula da ita ta wanke acca ta ɗora ruwa. Ta kalli kwandon, ta kalle ni. Na gaya mata gaskiya.

"Kar ki ƙara masa faɗa," in ji ta. "Ke na nuna wa, shi ban taɓa nuna masa ba."

Ta kwance kallabin, ta koma ta kwanta, fuskarta ga bango.

"Kande, sauke tukunyar."