Haƙoran Sukeji

Duk wanda ya bi hanyar Shirasawa ya ga kabarin jarumi Tokiharu a bakin gada. Makafin mawaƙa sun ce shi kaɗai ya tsare gadar nan har kibau suka ƙare wa abokan gabansa. Na bi tsofaffin garin da tambaya, ban sami wanda ya taɓa ganinsa da rai ba. Abin da na samu shi ne labarin Oshige, daga bakin Otane, wadda suka yi aiki tare.

Oshige mai wankin kawuna ce a gidan uban ƙasar Shirasawa. Idan an dawo daga yaƙi, ita da sauran mata ne ke karɓar kawunan abokan gaba da aka saro, su wanke, su taje gashin, kafin a jera su a gaban uban ƙasa. Da baƙin haƙora ake gane kan babban mutum, don manya ne ke rina haƙoransu. Irin wannan kai a akwati ake sa shi, a binne shi da addu'a. Na talaka kuwa ramin bayan gari ake jefa shi, karnuka su tone.

Oshige ɗa ɗaya gare ta, Sukeji. Shekarar da shinkafa ta ƙi, ya haye tsauni neman abinci, ya shiga rundunar can yana riƙon mashi. Rundunar nan ce ta kawo wa Shirasawa hari da kaka.

Washegarin faɗan da hantsi, wani mayaƙi mai suna Gonroku ya dire wa Oshige ƙunshi.

"Iya, ga nawa. A gada na same shi. Ki taimaka ki ɗan shafa masa baƙin nan mana, ko maigida zai dube ni yau."

Matan suka kwashe da dariya. Otane ta ce, "Kai Gonroku, kai da ko kifi ba ka iya yankawa! Ko dai a kwance ka tsince shi?"

"Gudu yake, ya yi tuntuɓe. Laifina ne?"

Oshige ta kwance ƙunshin. Akwai tabon ƙuna a bayan kunnen hagu. Ta san murhun da ya yi tabon, Otane ma ta sani. Dariyar Otane ta tsaya.

Oshige ba ta yi kuka ba. Da ta ce ɗanta ne, talaka ne ke nan, kuma rami za a kai shi. Ta wanke fuskar a hankali, ta ɗaure gashin irin na manya, ta buɗe bakin ta rina haƙoran ɗaya bayan ɗaya.

"Kai, Iya, hannunki da albarka! Ko uwarsa ba za ta gane shi ba," in ji Gonroku.

A gaban uban ƙasa, Gonroku ya ƙirƙiro wa mai kan sunan Tokiharu. Aka binne kan a bakin gada, aka kafa dutse. Sauran labarin mawaƙa suka ƙara.

Oshige ta tsufa tana share kabarin kowace safiya. Otane ta ce ko sau ɗaya ba ta kira sunan yaron a wurin ba, don kada wani ya ji a tone shi. Da ciwon ajali ya kama ta, ta roƙi a binne ta kusa da dutsen. Dattawan gari suka ce mai wankin kawuna ba ta kwanciya kusa da jarumi. Can bayan gari suka kai ta.